Matani, Sharhi da Hashiya a Cikin Kwamfuta

Jama'a masu saurare, na cikin birnin Gusau da na Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukan da ke kewaye da su, har iyakar inda muryar wannan gida ta kai.  Zancenmu na yau ya shafi wata sana'a wadda 'ya'yanmu suka kutsa cikinta tun ba mu ankara ba, watau sana'ar rubuta manhajar kwamfuta. Kuma ko da yake na tabbata akwai dattijon da zai ce ina ruwansa da wannan, ina roƙonsa ya dakata kada ya murɗa akwatin rediyonsa tukuna, domin kafin mu tashi zai ji cewa abin da ke hana waɗannan samari barci, malamansa na zaure sun san shi tun gabanin a haifi kakan wanda ya ƙera kwamfuta.

Duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar nan ya san yadda karatun fiƙihu ke hawa daki-daki, daga Ahalari zuwa Ishmawi, a wuce Iziyya da Risala, har Allah ya kai mai rabo ga Muhtasar na Shehu Halilu. Ya kuma san cewa Muhtasar, saboda tsananin taƙaitawarsa, ba ya buɗuwa ga ɗalibi sai da sharhi, irin wanda Shehu Dardiri ya yi masa, sharhin kuma shi ma malamai suka ga yana bukatar ƙarin bayani, har Dasuƙi ya ɗora masa hashiya. To, wanda ya tafi gidan malami ya aro hashiya ita kaɗai, ya baro sharhi da matani, kaya kawai ya ɗauko wa kansa, gama mai hashiya yakan ce "ƙauluhu", ya ambaci kalma ɗaya ko biyu daga sharhin, sa'an nan ya shiga bayani, kuma in ba ka da sharhin a gabanka ba za ka san maganar wa ake warwarewa ba. Haka kuma idan kwafin sharhin da ke hannunka ya saɓa da wanda mai hashiya ya duba, sai ka yi ta laluben kalmar da babu ita. Ku riƙe wannan misali, shi ne sandar da za mu dogara da ita.

Kwamfuta tana da harsuna waɗanda ake rubuta mata umarni da su, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a makarantunmu, tun daga Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013 har kwalejojin kimiyya na Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, shi ne Python, wanda wani mutumin Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar a 1991. Harshe ne buɗaɗɗe, ma'ana asalin rubutunsa a sarari yake, kowa yana da izinin ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya ba wani, ba tare da ya biya ko anini ba. Abin ya yi kama da littafin da mai shi ya yi waƙafinsa ga masallaci, ko da yake su sharuɗɗansu lasisi suke kiransu. Ɗalibin da yake so ya lissafa hawa da saukar farashin masara a kasuwar Tsafe cikin shekara guda ba ya zama ya ƙago hisabi daga farko. Yakan ari ƙunshin aikin da wasu suka riga suka rubuta, wanda masu sana'ar ke kira laburare, kamar pandas, wanda gwani ne wajen jera alƙaluma a jadawali. Amma pandas hashiya ce: tana tsaye ne a kan wani laburare mai suna NumPy, tana kuma neman wani ƙunshi mai kula da kwanakin wata wanda ake kira dateutil, shi kuma dateutil yana neman wani ɗan ƙarami mai suna six, watau shida, wanda aka rubuta don ya haɗa bugu na 2 da na 3 na Python, aka kuwa samo sunan daga biyu sau uku. Yaro ya nemi littafi ɗaya, sai ga jaki ya iso ƙofar gida da mangala cike.

A zamanin farko kowa da hannunsa yake bin waɗannan littattafai ɗaya bayan ɗaya, har masu harshen Perl suka buɗe babbar taska a 1995 wadda suka kira CPAN, inda duk mai ƙunshi zai kai nasa ya ajiye. Mutanen Python suka buɗe tasu taskar, PyPI, a 2003, sa'an nan a 2008 Ian Bicking ya rubuta ɗan aike mai suna pip, wanda za ka faɗa masa sunan abin da kake so, ya tafi taska ya ɗauko, ya duba abin da shi ma abin yake bukata, ya haɗo duka ya shirya maka su a kwamfutarka. A yau ƙunshin da ke cikin PyPI sun haura 500,000. Gyaran wannan ɗan aike da tsare wannan taska shi ne batun da masana suka shafe shekaru suna muhawara a kansa, wani lokaci da zafi irin na saɓanin mazhabobi.

Aibi na farko da aka daɗe ana kuka da shi shi ne na saɓanin bugu. Kowane ƙunshi yana da bugu-bugu, kamar yadda littafi ke da bugun Misira da bugun Bairut, kuma yakan faru ƙunshi biyu da kake bukata su dogara a kan abu ɗaya, amma wannan ya ce sai tsohon bugu, wancan ya ce sai sabo. Tsohon pip ba ya zama ya yi sulhu. Wanda ya fara cin karo da shi shi yake ɗaukowa, ya bar ka da rikicin, sai ka tashi gudanar da aikinka ka ga kwamfuta ta watso maka jajayen rubutu. An zauna cikin wannan hali fiye da shekara goma, kuma dalili ba rashin sanin maganin ba ne, rashin mai zama ya yi aikin ne, domin waɗanda ke kula da pip 'yan sa kai ne, da rana suna neman abincinsu, da dare su duƙufa a kan amanar jama'a. Sai da gidauniyar Mozilla da ta Chan Zuckerberg suka ba da dala 407,000 aka ɗauki mutane aiki sosai, har a ƙarshen Nuwamba na 2020 aka fitar da pip mai lamba 20.3, wanda a cikinsa aka zaunar da alƙali: yana sauraren sharaɗin kowane ƙunshi, in ya bi wata hanya ya tarar ta toshe ya komo baya ya gwada wata, in kuwa ya tabbata sulhu ba zai yiwu ba ya faɗa maka gaskiya ya ƙi ɗaura auren. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai cikin wannan labari shi ne ƙanƙantar kuɗin idan aka auna shi da dukiyar kamfunnan da ke cin moriyar pip kullum safiya.

Tun kafin zuwan alƙalin, masu hankali sun saba da wata dabara mai sauƙi, wadda nake kira ga kowane ɗalibi ya lazimce ta, watau a keɓe wa kowane aiki ɗakinsa, da nasa littattafan, kada a zuba kome da kome a tsakar gida ɗaya. Python da kansa ya zo da abin yin haka, venv, tun bugun 3.3 a 2012. Dabara ta biyu kuwa ita ce ta magabata masu kwafar littafi da alƙalami, waɗanda in sun kai ƙarshe ba sa tashi sai sun rubuta tammat, wasu har su ƙara da sunan mai rubutu da na mai littafi, domin wanda zai zo daga baya ya san abin da ke hannunsa. Mai manhaja shi ma wajibi ne ya rubuta takarda wadda ta ƙayyade sunan kowane ƙunshi da ainihin lambar bugun da ya yi aiki da shi, har da na ƙarƙashin ƙasa irin su six waɗanda bai nema da bakinsa ba. Ita ake kira takardar kulle. Wanda ya yi sakaci da ita ya ɗanɗana kuɗarsa a watan Yuni na 2024, lokacin da NumPy ya fitar da bugu na 2.0, aka wayi gari ayyuka da yawa waɗanda jiya suke lafiya lau sun ƙi tashi, alhali masu su ba su taɓa ko wasali ɗaya ba. Sharhi ne aka sake a ƙarƙashin hashiya. Harsuna irin su Ruby da Rust sun daɗe da daidaita wannan takarda, amma jama'ar Python, saboda yawan kayan aiki da kowanne ke da tasa siga, sai a 2025 suka yi ittifaƙi a kan siga ɗaya.

Aibi na biyu ya fi na farko nauyi, domin shi ya shafi amana. A ran 22 ga Maris na 2016, wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya yi fushi da hukumar taskar npm, wadda ita ce ta harshen JavaScript, saboda ta karɓe sunan wani ƙunshi nasa ta ba kamfanin Kik, sai ya kwashe kayansa duka daga taskar, ƙunshi fiye da 250. A cikinsu akwai wani ɗan mitsitsi mai suna left-pad, layi 11 kacal, wanda aikinsa bai wuce cike gurbi a gefen hagu na rubutu ba. Amma da yake manyan laburare sun jingina a kansa, dubban ayyuka kuma sun jingina a kan manyan, cikin sa'a guda kuka ya tashi daga gabas da yamma, har hukumar ta mai da shi ba da yardar mai shi ba, daga baya kuma ta tsaurara ƙa'idar janye abin da aka riga aka ajiye. Wannan fushi ne kawai, babu mugun nufi. A 2018 kuwa aka ga mai mugun nufin: mai wani ƙunshi da ake kira event-stream ya gaji da ɗawainiyarsa, wani baƙo ya zo da ladabi ya ce zai taya shi, ya miƙa masa mabuɗi, baƙon ya cusa abin da zai saci kuɗin intanet daga asusun masu amfani da manhajar Copay. A Maris na 2024 aka sake ganin irinsa a wata manhaja mai suna xz, inda wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe wajen shekara biyu yana hidima har aka amince da shi, ya dasa ƙofar ɓoye, kuma asirinsa bai tonu ba sai don wani injiniya, Andres Freund, ya lura kwamfutarsa tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi barin abin ya wuce. Akwai kuma ƙananan ɓarayi masu ajiye guba a taska da sunan da ya yi kama da na sanannen ƙunshi, bambancin harafi ɗaya, suna jiran wanda yatsarsa za ta zame.

Malaman hadisi da suna raye da sun yi murmushi, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba su ba shi suna ba: sun san mai tadlisi wanda ke ɓoye daga wa ya karɓo, sun san kuskuren da ɗigo ɗaya ke haifarwa a sunan mai ruwaya, sun kuma kafa fanni sukutum na jarhi da ta'adili don auna mazajen isnadi. Masu taskokin zamani sun fara bin sawunsu. Akwai hatimi, jerin haruffa da lambobi 64 da ake cirowa daga kowane ƙunshi ta hanyar lissafi, wanda in aka sauya ko ɗigo ɗaya a cikin ƙunshin shi ma sai ya sauya gaba ɗaya; pip ya iya duba shi tun 2016, kuma wannan ita ce muƙabala, watau gwada kwafi da asali. Daga ranar 1 ga Janairu na 2024 kuma PyPI ta wajabta wa duk mai ajiye kaya a cikinta ya riƙa kawo shaida biyu kafin ya shiga, kalmar sirri da wata alama ta dabam. Amma fa a lura: hatimi yana tabbatar da dabɗi ne, cewa abin da ya iso gare ka shi ne abin da aka aiko, adalar wanda ya aiko kuwa babu lissafin da ke auna ta, sai mutane sun zauna sun karanta. Saboda haka kafin ka ɗauko ƙunshi, ɗana, duba wane ne mai shi, yaushe rabonsa da gyara, su wa suka karɓa daga gare shi, kuma in abin da kake nema layi 11 ne, zauna ka rubuta kayanka.

Yanzu sai mu komo gida, ga aibi na uku, wanda masu muhawara a Turai da Amurka ba safai suke tuna shi ba, domin shi ciwonmu ne. Dukan wannan gini, da ɗan aike da alƙali da taska, an aza shi ne a kan zaton cewa intanet tana nan kullum kamar iska. Mu kuwa a Zamfara mun ga ranar da aka ɗauke iskar. A farkon Satumba na 2021, bisa roƙon gwamnatin jiha ta lokacin Bello Matawalle, hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfunna su kashe sabis a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka ce mako biyu, aka ƙara, Gusau ba ta samu ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ci gaba da jira makonni bayan haka. An yi maganar kasuwannin da aka rufe da masu POS da suka zauna, kuma sun cancanci a yi. Ba a dai yi maganar masu manhaja ba.

A cikin waɗannan kwanaki ɗan ƙanwata ya zo mini daga Bunguɗu da kwamfutarsa a jaka, fuska a murtuke. Kwamfutar ta lalace, mai gyara ya wanke ta tas, aikinsa na makaranta yana nan a filashi bai yi kome ba, amma ya ƙi tashi, domin laburaren da yake tsaye a kansu sun tafi da wankin, ɗan aike kuma ba shi da hanyar zuwa taska.

Ya ce, "Kawu, rubutuna ne fa, da hannuna na yi shi, ga shi ina kallonsa, amma ya zama kamar na wani."

Na ce, "To, abokan karatunka fa? Babu mai irin kayan a tasa kwamfutar?"

Ya ce akwai, ya ma je ya kwafo, amma na abokin an yi shi ne don wani bugun Python dabam, ya zuba ya ƙi zama. Na tambaye shi ko ya rubuta lambobin bugun da ya yi aiki da su tun farko, sai ya sunkuyar da kai. Ƙarshenta sai da ya biya kuɗin mota ya fita daga jihar, a kan hanyar da kowa ya san halinta a lokacin, don ya sauko da abin da bai kai nauyin bidiyon biki ɗaya ba.

Tun daga ranar nake tunanin 'Yandoto, wadda ke nan ƙasar Tsafe, garin da ya yi suna da malamai tun gabanin jihadi. Littattafan da suka karantar an wallafa su ne a Misira da Ƙairawan da sauran ƙasashe masu nisa, amma babu malamin da ya taɓa tashi da asuba ya aika Misira a ɗauko masa babin da zai karantar da hantsi. Ayari ya kawo kwafi ɗaya, aka zauna aka kwafe shi, aka yi muƙabala, aka sa a gafaka aka rataye, ya zama ko hanya ta yanke shekara bakwai darasi bai tsaya ba. A ganina, gyaran da ya fi kamatar mu a wannan fanni shi ne wannan, kuma ba ya jiran izinin kowa. Sababbin 'yan aike masu saurin tsiya irin su uv, wanda ya fito a 2024, abin so ne, amma saurin ɗan aike ba ya amfanin kome ranar da gada ta karye.

Hanyar kuwa a buɗe take. Shi pip yana da umarnin saukowa kawai ba tare da shiryawa ba, wanda zai tara maka ƙunshin da ka ambata da duk 'yan rakiyarsa a jaka ɗaya, yana kuma da umarnin da za ka ce masa kada ya nufi taska, ya ɗauka daga wannan jaka. Sharaɗi dai shi ne a sauko da wanda ya dace da bugun Python da irin kwamfutar da za a zuba wa, domin na Windows ba ya zama a Linux, kuma nan ne ɗan ƙanwata ya yi tuntuɓe. Wannan na mutum ɗaya ne. Na jama'a kuwa ya fi albarka: akwai manhaja mai suna devpi wadda za a ɗora a kan tsohuwar kwamfuta ɗaya a ɗakin karatu, ta zama rumbu tsakanin ɗalibai da PyPI, duk abin da ɗalibi na farko ya nema ta sauko da shi ta ajiye, na biyu har na ɗari su ɗiba daga gare ta. Ba a bukatar kwashe taskar duka, wadda nauyinta ya wuce terabait goma, kuma galibin abin da ke ciki babu mai nemansa a nan. Abin da aji ɗaya ke bukata a zango guda filashi ɗaya ya ɗauke shi. Ku auna kuma da kuɗin data: akwai laburaren koyar da na'ura irin su PyTorch waɗanda ƙunshi ɗaya yakan kai ɗaruruwan megabait, ɗalibi hamsin kowa ya sayi data ya sauko da abu iri ɗaya, kamar gida hamsin kowa ya haƙa tasa rijiyar a unguwa guda.

Ina kira ga malaman sassan kwamfuta, Allah ya gafarta muku, da ku sa takardar kulle cikin sharuɗɗan karɓar aikin ɗalibi, kamar yadda ba ku karɓar kundi babu sunan mai shi, ku kuma gwada aikin a kwamfutar da aka cire wa intanet kafin ku ba da maki. Masu shagunan kwamfuta na Tudun Wada da Sabon Gari, da na bakin tasha a Tsafe da Bunguɗu, waɗanda suka saba tura wa mutane fina-finai da karatun malamai a waya, su ma ga kasuwa: jaka ɗaya mai ɗauke da Python da laburaren da aka fi nema, tare da hatiminsu a rubuce don mai saye ya yi muƙabala, a riƙa sabunta ta duk wata. Rumbun da ba a leƙawa kuwa gara ce ke cin sa, domin tsohon bugu yakan zauna da ɓarakar da aka riga aka toshe a sabo. Saboda haka a sa mutum ɗaya takamaimai ya riƙa duba shi, a rubuta ranar da aka sabunta a jikin jakar.

Ɗan ƙanwata dai yanzu filashi biyu gare shi, ɗaya a jakarsa, ɗaya a cikin kwallar mahaifiyarsa a Bunguɗu, ƙarƙashin zannuwan da ba a taɓawa sai da salla.